Zaren gilashi a cikin na'urar hangen taurari: me ya kai shi can?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin fiziks ne. Na ji an ce irin zaren gilashin da ke kawo mana intanet ana sa shi a na'urorin hangen taurari. Ba girman madubi ne komai ba?

Amsa: Ɗan'uwa, madubi tara haske kawai yake yi. Aikin yana ga abin da za a yi da hasken bayan an tara shi, kuma a nan ne zaren gilashi ya shigo.

A dutsen Paranal da ke hamadar Atacama ta ƙasar Chile, akwai manyan madubai huɗu, kowanne faɗinsa mita 8.2. Idan aka haɗa haskensu wuri guda, kaifin ganinsu ya kai na madubi ɗaya mai faɗin kusan mita 130. Wahalar ita ce haɗawar. A da, da jerin ƙananan madubai ake juya hasken a kan tebur, zafi ko sanyi ya ɗan motsa ɗaya, lissafi ya lalace.

Na'urar GRAVITY, wadda ta fara aiki a 2016, ta bi wata hanya. Hasken kowane madubi yana shiga zaren da cikinsa bai kai kaurin gashin kai ba. Saboda ƙuncin hanyar, yamutsin da iska ta yi wa hasken ba ya wucewa, sai tataccen ya fito. Daga nan ya shiga wani ɗan faifan gilashi da zai zauna a tafin hannunka, wanda aka zana wa hanyoyi a ciki, hasken huɗun ya gauraya a nan. A cikin faifan babu abin da ke motsi. Wannan ɓangaren ne ya fi burge ni.

Da ita aka bi tauraro S2 a watan Mayun 2018, lokacin da ya gitta kusa da baƙin ramin tsakiyar rukunin taurarinmu (wato wurin da ƙarfin jansa ba ya barin ko haske ya kuɓuta, mai nauyin rana kusan miliyan 4), yana gudun fiye da kilomita 7,000 a daƙiƙa. Haskensa ya karkata zuwa ja, kamar yadda lissafin Einstein ya nuna. Reinhard Genzel, jagoran binciken, yana cikin waɗanda suka karɓi kyautar Nobel ta 2020.

Amma kada ka ɗauka abin da sauƙi. Zura hasken tauraro cikin zare siriri haka sai an fara gyara rawar iska da madubi mai lanƙwasa kansa sau ɗaruruwa a daƙiƙa, kuma duk da haka haske mai yawa yana salwanta a bakin zaren.