Tambaya da Amsa: Daga ina sunan Albarracín ya fito?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana da ke karatu a Sifaniya ya turo mini hoton wani ƙaramin gari a kan dutse, gidajensa duk jajaye, wai sunansa Albarracín. Kunnena ya ji kamar Larabci. Musulmi ne suka kafa shi? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Kunnenki ya ji daidai. Sunan ya samo asali ne daga Banu Razin, wani gida na Musulmin Barbarawan Arewacin Afirka da suka zauna a Andalus. Da daular Umayyawa ta Kurɗuba ta wargaje a farkon ƙarni na 11, kowane mai ƙarfi ya ja yankinsa, su ma suka kafa 'yar masarautarsu a nan, har Murabiɗun, wata daular Musulmi daga Maroko, suka karɓe ta a 1104. Hasumiyar Andador da ke can ƙololuwar ganuwa ta ma riga masarautar, tun ƙarni na 10 take tsaye. Kogin da ya kusa zagaye garin kuwa, Guadalaviar, ai Wadil Abyad ne, wato farin kogi.

Wajen 1170 garin ya koma hannun gidan Azagra, Kiristoci daga Nabara, wata masarauta a arewacin Sifaniya. Sun yi sama da shekara ɗari suna cin gashin kansu, sai a 1284 Sarkin Aragon Pedro na Uku ya yi masa ƙawanya ya ci shi.

Ni dai abin da ya fi kama mini zuciya shi ne jan nan da kika gani. Ba fenti ba ne, Hajiya. Dutsen jibsam ne na tsaunukan yankin, mai tsatsar ƙarfe a jikinsa. A gasa shi, a niƙe, a kwaɓa, a yaɓe bango. Lungunan matsattsu ne ƙwarai, benaye kuma na sama ya fi na ƙasa faɗi, har rufin maƙwabta ya kusa haɗuwa a kan mai wucewa. Mutanen garin yau kimanin dubu ɗaya ne kacal, amma tun da aka sa shi cikin kayan tarihin ƙasa a 1961 ake riƙe da kamanninsa, kuma gidauniyar Santa María da aka kafa a 1996 na ci gaba da gyaran gine-ginen. Wannan na yaba musu matuƙa.

Ki ce wa yaron ya je da kansa, bai kai kilomita 40 daga birnin Teruel ba. Ya hau ganuwa bayan la'asar, ya kuma nemo miki hoton karkataccen gidan nan da suke kira Julianeta.