Filin Tambaya da Amsa: Idan Fayil Ya Maƙale a Manhajar Takardu ta Waya

Yawancin wasiƙun da suka shigo wannan fili a 'yan makonnin nan kukansu ɗaya ne, wato fayil ɗin da ya maƙale a cikin manhajar rubuta takardu ta waya, bai tafi ba, bai buɗu ba, ko kuma ya ƙi goguwa. Mun zaɓi uku daga cikinsu, domin kowace da irin nata ciwon.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne, kuma a waya nake tsara tambayoyin jarrabawa. Na kammala wata takarda mai shafuka da yawa, amma yau kwanaki ke nan manhajar tana nuna cewa takardar na jiran a ɗora ta, 'yar alamar nan tana ta juyawa ba ta tsayawa. Da na duba asusuna a kwamfuta sai na tarar da tsohon rubutun kawai, babu gyaran da na yi. Wani abokin aikina ya ce in share bayanan manhajar, ko in cire ta in sake saukewa. Shin in bi shawararsa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka bi wannan shawara tukuna, domin a halin da ake ciki ita ce hanya mafi sauri ta rasa aikin naka baki ɗaya. Manhajoji irin su Word, Google Docs da WPS Office sukan fara adana abin da ka rubuta a wani keɓaɓɓen wuri cikin wayar, sannan su tura shi zuwa ma'ajiyar intanet idan sun samu hanya. Tunda ka ga tsohon rubutu ne a kwamfuta, to sabon bai bar wayar ba, kuma mai yiwuwa kwafinsa ɗaya tilo a duniya shi ne wanda ke cikin wancan keɓaɓɓen wuri. Share bayanan manhaja ko cire ta yana kwashe wurin ne gaba ɗaya. Alamar za ta daina juyawa, gaskiya ne, amma yin hakan tamkar ƙone rumbu ne don a kori ɓera.

Abin da za ka fara yi shi ne fitar da kwafi. Ka buɗe takardar, ka nemi inda ake aika kwafi ko adanawa da wani suna, ka ajiye ta a ma'ajiyar wayar kanta, ko ka aika wa kanka ta imel. Idan manhajar ta ƙi, ka mayar da takardar PDF; idan wannan ma ya faskara, ka zaɓi rubutun duka ka kwafa, ka liƙa shi a cikin saƙon imel ko manhajar ajiye bayanai. Tsarin shafuka zai iya lalacewa ta wannan hanya ta ƙarshe, amma kalmomin sun tsira, kuma su ne suka ci maka lokaci. Kada ka gamsu da ganin sunan kwafin kawai. Ka buɗe shi da wata manhaja dabam, ka gangara har ƙasa, ka tabbatar tambayar da ka rubuta a ƙarshe tana nan.

Bayan haka sai a nemi dalilin maƙalewar, kuma a ganina cikar ma'ajiyar intanet ya kamata a fara zargi, domin ita ce aka fi mantawa da ita. Google yana ba kowane asusu gigabait 15 kyauta, amma Gmail da Drive da Photos ne suke raba wannan wuri, kuma tun daga 1 ga Yunin 2021 sababbin hotunan da ake ɗorawa a Photos suna cin nasu kason daga ciki. Mutum zai iya cika asusunsa da hotuna da bidiyo bai sani ba, sai ranar da takarda mai shafi biyu ta kasa shiga. Ma'ajiyar OneDrive ta Microsoft da iCloud ta Apple kuwa gigabait 5 kowannensu yake bayarwa kyauta, don haka sun fi saurin cika. Idan ka duba ka ga wurin ya ƙare, ka goge manyan fayilolin da ba ka buƙata, sannan ka zubar da kwandon shara na asusun, saboda abin da ke cikin kwandon yana nan a lissafi har sai an zubar da shi ko wa'adinsa ya cika.

Idan akwai sauran wuri, sai ka leƙa saitin manhajar. Google Drive da OneDrive duka suna da zaɓin kada a tura fayil sai an hau Wi-Fi, kuma wanda data kawai yake amfani da ita zai iya jira har abada alhali sabis ɗinsa lafiya lau. Ita ma wayar tana da nata takunkumin. Tun daga Android 6 na shekarar 2015 tsarin yake kwantar da manhajojin da ke aiki a bayan fage idan an ajiye waya, domin tattalin batir, kuma Android 7 na 2016 ya ƙara da tsarin tattalin data da ke hana su taɓa intanet sai suna buɗe a gabanka. Wasu kamfanonin waya ma sun ƙara tsananta wannan a nasu samfurin. Maganin shi ne ka kashe tattalin batir da na data na ɗan lokaci, ka jona wayar a caji, ka bar manhajar a buɗe allo na kunne, ka ga ko turawar za ta motsa.

Akwai wasu ƙananan dalilai da ba su cika faruwa ba amma suna wahalarwa. Idan ka sauya kalmar sirrin asusunka kwanan nan, manhajar na iya ci gaba da nuna takardunka alhali izininta na turawa ya mutu. Ka sake shigar da kalmar idan ta nema, amma kada ka fita daga asusun kafin ka fitar da kwafi, domin fita ma na iya share abin da bai tafi ba. Idan kwanan wata ko agogon wayar ya kauce sosai, amintacciyar hanyar sadarwa tsakaninta da kwamfutocin kamfanin ba za ta ƙullu ba, sai ka mayar da agogon kan saitin da yake daidaita kansa. Sunan fayil shi ma yana iya zama cikas. OneDrive ba ya karɓar suna mai ɗauke da alamar tambaya, ko tauraro, ko ɗigo biyu, ko karkataccen layin da ake raba kwanan wata da shi, kuma malamai da ma'aikatan ofis sukan faɗa wannan tarko idan suka sa kwanan wata a sunan takarda.

Sai duk waɗannan sun gaza, kuma kwafinka yana hannu, za ka taɓa manhajar kanta. Ka tilasta mata tsayawa daga saitin wayar, ka kashe wayar ka kunna, ka duba ko akwai sabuntawa. A Android, cikin bayanin ma'ajiyar manhaja, akwai maɓallai biyu kusa da juna: wanda aka rubuta wa "Clear cache" tarkacen wucin gadi kawai yake kwashewa, wanda aka rubuta wa "Clear data" ko "Clear storage" kuwa shi ne yake mayar da manhajar kamar yau aka sauke ta. Na farkon ne za ka fara gwadawa. A iPhone, zaɓin "Offload App" yana cire manhajar ya bar takardunta, saɓanin gogewa da ke tafiya da komai. Idan turawar ta farfaɗo kuma ka ga takardar ta zama biyu, kada ka yi saurin goge ɗaya. Manhajar ce ta tarar da rubutu iri biyu ta rasa wanne za ta fifita, sai ta ajiye maka duka don ka zaɓa.

Tambaya: Ni ɗaliba ce. An turo mini wani littafin karatu na PDF, na fara saukewa, ya kai kusan ƙarshe sai ya tsaya. Yanzu sunansa yana nan a cikin wayata, amma duk lokacin da na taɓa shi sai manhajar ta ce fayil ɗin ya lalace. Na sauke manhajojin karatu daban-daban, duk amsarsu ɗaya. Tunda yawancinsa ya sauka, me ya sa ba zan iya karanta ko da shafukan farko ba?

Amsa: Malama, tambayarki ta ƙarshe ita ce ke ɗauke da amsar. Fayil ɗin PDF ba a jere yake shafi bayan shafi yadda ido ke ganinsa ba. Gutsattsarin rubutu da hotuna da haruffa ne a tare, kuma jadawalin da ke gaya wa manhaja inda kowane gutsure yake, a ƙarshen fayil ɗin aka saba ajiye shi, daga can manhajar take fara karantawa. Haka ma takardun Word masu ƙarewa da docx, waɗanda suka zama tsarin yau da kullum tun daga Office 2007: a zahiri ƙunshi ne na ZIP mai ƙananan fayiloli a ciki, kuma jerin abin da ke cikin ƙunshin a wutsiyarsa yake. Saboda haka ɗan abin da bai sauka ba shi ne ainihin abin da manhajar take nema da farko. Wasu manhajojin sukan yi ƙoƙarin sake gina jadawalin, amma ba abin dogaro ba ne, kuma sauya manhaja sau goma ba zai dawo da abin da bai iso wayar ba.

Ki nemi wanda ya turo miki ya faɗa miki girman fayil ɗin a wajensa, ki kwatanta da wanda ke wayarki. Idan naki ya gaza, ki goge guntun, ki tabbatar akwai isasshen wuri a wayar, sannan ki sake saukewa a inda sabis yake da ƙarfi ba tare da kin fita daga manhajar ba. Goge guntun yana da muhimmanci, domin idan kika bar shi sabon zai sauka da suna kusan iri ɗaya, kina iya ci gaba da buɗe gurgun kina zaton matsalar ba ta warware ba. Idan kuwa girman ya zo daidai amma har yanzu ya ƙi buɗuwa, to tun daga wajen mai turowa ya lalace, sai ya gwada buɗe nasa kwafin. Wani lokaci kuma mutum ne ya sauya wutsiyar sunan da hannu, ya mayar da docx ta zama pdf yana zaton ya sauya nau'in takardar, alhali suna kawai ya sauya, cikin yana nan yadda yake.

Littattafan da aka ɗauki hoton shafukansu ɗaya bayan ɗaya sukan yi nauyi ƙwarai, kuma ƙaramar waya na iya daskarewa wajen buɗe su ko da lafiyarsu ƙalau. Irin waɗannan sun fi kyau a ɗora su a ma'ajiyar intanet a turo miki mahaɗinsu, musamman da yake Gmail ba ya ɗaukar abin liƙawa da ya haura megabait 25. Ga takardar Word da ta lalace kuma babu wani kwafi, Word na kwamfuta yana da zaɓin buɗewa tare da gyara, wanda yakan ceto rubutun ko da hotuna da jadawalai sun salwanta.

Tambaya: Ranka ya daɗe, akwai wata takarda da na goge ta sau da yawa amma kullum sai in sake ganinta a manhajar. Shin ƙwayar cutar kwamfuta ce ta shiga wayata?

Amsa: Da wuya ƙwarai. Galibi abin da kake gani jerin takardun da aka buɗe kwanan nan ne, kuma wannan jeri sunaye kawai yake riƙewa, don haka suna zai iya zama a ciki bayan fayil ɗin ya tafi, kamar yadda cire suna daga jerin ba ya goge fayil. Ka nemi takardar ta manhajar sarrafa fayiloli ta wayar, ka ga ko tana nan da gaske. Idan a ma'ajiyar intanet take kuma wani ne ya raba ta da kai, to ba taka ba ce. Za ka iya kawar da ita daga gabanka, amma mai ita kaɗai ke da ikon goge ta. Tun daga Android 11 kuma an taƙaita wa manhajoji taɓa fayilolin da ba su suka ƙirƙira ba, shi ya sa manhajar karatu kan iya buɗe takarda amma ta kasa goge ta, alhali manhajar fayiloli ta wayar za ta goge ta nan take.

Inda ya kamata ka damu shi ne idan takardar a katin memori take. Katin da ya tsufa yakan kulle kansa, a iya karanta abin da ke ciki amma ba a iya rubutawa ko gogewa, kuma alamarsa ita ce fayilolin da ka goge su dawo bayan ka kashe waya ka kunna, sababbin da ka ajiye kuma su ɓace. Idan ka ga haka, ka kwashe duk abin da ke kan katin zuwa kwamfuta ko ma'ajiyar wayar a ranar, kada ka tsaya neman gyara shi, sannan ka sauya kati. Idan kuma a garin gogewa ka haɗa da takardar da kake buƙata, Google Drive da iCloud da asusun OneDrive na ƙashin kai duk suna riƙe abin da aka goge har kwana 30, sai ka shiga kwandon shara ka dawo da ita kafin wa'adin ya cika.