Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan cire gashin fuska da lesa

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce gashi ya fito miki a haɓa da gefen kumatu, kin gaji da reza, kina tambaya ko lesa, wato na'urar da ke cire gashi da haske, na aiki, kuma ko ya dace inshorar lafiya ta gwamnati ta biya. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina fama da wannan abu, shida a Kano, biyar a nan Ingila.

Nawa ya fara ne ina jami'a. Kullum da asuba, kafin 'yan ɗakinmu su farka, ina gaban madubi da hantsaki ina tsiga ɗaya bayan ɗaya, idanuna na hawaye. Na yi halawa, na yi reza. Da yake gashinmu murɗaɗɗe ne, sai ya koma cikin fata ya zama ƙuraje, ƙurajen su bar baƙin tabo. Ranar wani biki wata dattijuwa ta kama haɓata a gaban mutane ta ce, "Ke kuwa gemu kike fitarwa?" Tun daga ranar na koma ɗaura mayafi har ƙarƙashin leɓe, ko a cikin gida.

Kafin ki je wajen mai lesa, don Allah ki ga likitan mata. Yawancin masu irin matsalarmu PCOS ce, wato matsalar homon da ƙwan mace, wadda ke taɓa kusan mace ɗaya cikin goma: sinadarin homon irin na maza ya yi yawa, al'ada ta riƙa tsallake watanni, ƙiba ta ƙi sauka. Ni sai da aka yi min gwajin jini da hoton mara na san sunan ciwona. Idan kina shafa man bilicin ki faɗa wa likita, domin mai sitiroyid a ciki yana tsirar da gashi. Idan kuma gashin ya fito farat ɗaya, murya ta fara kauri, ki je asibiti cikin makon nan.

Lesa baƙin launi take bi. Haskenta na shiga gashi ya ƙona saiwarsa, to mu kuma fatarmu ma baƙa ce, shi ya sa ba kowace na'ura ce tamu ba. Na koyi wannan da jikina. A wani shagon gyaran jiki aka yi min da wata na'urar haske mai suna IPL, wadda ba ma lesa ba ce, washegari na tashi da bororo a wuya, tabon ya fi wata takwas. Wadda ta dace da baƙar fata ita ce Nd:YAG. Ki tambayi sunan na'urar, ki ce a gwada a ɗan wuri kaɗan tukuna, ki jira 'yan kwanaki ki gani. Zama takwas na yi, tsakaninsu sati huɗu zuwa shida, domin gashin da ke kan tsiro kaɗai take kashewa. Zafinta kamar a ja roba a sake miki a fata. Ba ta kama furfura, kuma ga mai PCOS ragewa take yi sosai, ba ta kawarwa gaba ɗaya. Har yanzu ina komawa sau biyu a shekara.

Batun biya, kada ki ɗauka a Turai kyauta ne. A Ingila NHS, wato hukumar lafiya ta gwamnati, na lissafa cire gashi da lesa cikin kwalliya, galibi ba ta biya sai a wasu lokuta na musamman da likita ya rubuta takardar neman kuɗi. Ganin likita da gwaji da magani irin su ƙwayar tsarin iyali ko spironolactone su ne ake samu. Nawa da albashina na biya.

Ni dai ra'ayina a fili yake: macen da likita ya tabbatar ciwo ne ya fitar mata da gashi a fuska, a biya mata. Mai son santsin ƙafa ko hammata ta biya da kanta. Na san matan da suka daina fita aiki saboda wannan, na san wadda aka fasa aurenta. Na kuma san halin gida, inda mai naƙuda ke sayen safar hannu da kuɗinta, don haka ba zan ce lesa ta shiga gaban haihuwa da zazzaɓin cizon sauro ba. Amma tunda dokar hukumar inshorar lafiya ta Najeriya (NHIA) ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowa, ko ba komai gwajin homon da hoton mara da maganin PCOS su isa ga kowace mace cikin sauƙi, sannan a ajiye na'urar Nd:YAG a manyan asibitocin koyarwa ƙarƙashin likitocin fata, da rangwame, don 'yan'uwanmu su daina ƙonewa a shaguna.

Idan kin yanke shawarar yi, ki ajiye hantsaki da halawa tun wata guda kafin zaman farko, ki riƙa askewa kawai, domin lesa na buƙatar saiwar a wurinta. Allah Ya ba ki lafiya, Ya sa ki dace da likita mai sauraro.