Ina za mu karkata pano a Tawa, kuma ko a sa masa injin bin rana?

Ɗana, jiya a kan soron Alhaji ka tambaye ni abu biyu ina riƙe da ƙarfe, ban samu bakin amsa maka ba. Ka ce ka ga bidiyo daga Faransa an miƙar da pano, wato faifan sola, kamar allon makaranta, mu kuma namu kusan a kwance, wa ke da gaskiya? Ka kuma ce me ya hana mu sa injin nan da ke juya pano yana bin rana.

Kowa da gaskiyarsa, don rana ba inda take tsaya musu take tsaya mana ba. Faris tana wajen digiri 49 arewa da tsakiyar duniya, rana kullum a sunkuye take zo musu daga kudu, dole su ɗaga pano ya tare ta. Tawa digiri 15 ce, Yamai 13 da rabi. Mu rana a tsakar kanmu take wucewa. Sau biyu a shekara ma, wajen farkon Mayu da kuma kusan tsakiyar Agusta, in ka kafa sanda da tsakar rana inuwarta ɓacewa take yi. Tsakanin waɗannan lokuta biyu rana takan ɗan zarce arewa, a Yuni da kamar digiri 8. A Disamba, lokacin ɗari, sai ta koma kudu da digiri 38. In ka haɗa shekarar duka, kudu ta fi rinjaye, shi ya sa nake fuskantar da pano kudu in karkata shi digiri 15.

Ba sai ka nemi abin awon kusurwa ba, metir ɗinka ya isa. Kowane metir ɗaya na tsawon pano, bayan ya ɗara gaban da santimetir 26. Pano mai metir biyu, ƙafar arewa ta fi ta kudu da santimetir 52. Haka za ka faɗa wa mai walda, ka tsaya a kansa har ya yanka, don in ka juya baya zai auna da ido.

Neman kudu shi ne inda yara ke ba ni kunya. Wani ya dubi alƙibla ya ce hannun damana shi ne kudu. A'a. Alƙiblarmu ba gabas sak ba ce, ta karkata arewa da digiri 16 ko 17, to damanka ma ya goce. Kamfas na waya kuwa kusa da kwano da ƙarfe ruɗewa yake. Kafa sanda a miƙe a ƙasa, ka bi inuwarta ka sa alama inda ta fi gajarta. Wannan layin shi ne arewa da kudu. Kada ka jira ƙarfe 12 daidai, a nan rana ba ta kai tsaka sai wajen sha biyu da minti arba'in, da ɗan gaba ko baya gwargwadon wata.

Amma kada lissafi ya hana ka barci. In ka kuskure da digiri 10, abin da ka rasa bai kai kashi 2 cikin ɗari ba. Abin da ke cinye kuran ɗin mutane ƙura ce. Na taɓa komawa wani gida da muka yi aiki, maigidan na ta faɗa wai batir ba ya kai asuba, mun sayar masa da jabu. Na hau sama, na ja yatsa a kan gilashin, sai ga layi kamar an rubuta a rairayi, ga kashin tantabaru a kusurwa. Tun farkon hazo ba wanda ya taɓa shi. Bokiti ɗaya da tsumma mai laushi suka raba gardamar. Saboda ƙurar nan ne ba na yarda a kwantar da pano ƙasa da digiri 10 ko da mai gida ya nace: ruwan damina ba zai gangara ya wanke shi ba, sai ya kwanta ya bushe ya bar laka a gefen ƙasa. Ka kuma bar sarari tsakaninsa da kwano iska ta ratsa. Pano haske yake so, zafi rage masa ƙarfi yake, kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kan kowane digirin zafi da ya haura 25, ka kuwa san yadda kwano ke yi a watan Afrilu.

Sai injin bin rana. Ba ƙarya ba ne, mai juyawa gabas zuwa yamma yakan ƙara kamar kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari. Sai dai ƙaramin injin lantarki ne da haƙoran ƙarfe da na'urar ganin haske, dukansu abokan gabar rairayi. Ka tuna iskar da ke tasowa daga gabas kafin hadari ya sauka, wadda ke yaye rufin mutane? Ka ba ta faifai mai faɗi a kan ƙafa ɗaya mai motsi ka ga aiki. Ranar da injin ya maƙale yana kallon yamma kuma, safiyar gobe duka ta tafi a banza, kai za a kira. Irin wannan lissafi sai babban fili, inda ake maganar megawat kamar tashar sola ta Malbaza mai megawat 7, can ne ma za a zauna a duba ko ya biya kuɗinsa. A gida mai pano huɗu, ƙara na biyar ya ba ka kashi 25 ɗin nan, ba ya cin man shafawa, ba ya lalacewa don ƙura.

Wasu na huda ƙafar baya ramuka biyu, su ɗaga a ɗari su sauke a bazara. Ribar kaɗan ce, kuma ban cika ganin wanda ya hau ya sauya bayan shekarar farko ba.

Gobe ka riga ni zuwa gidan Alhaji. Ka kafa sandar, ka kuma duba itacen dogon yaron nan na maƙwabci da tankin ruwa, ka ga inda inuwarsu ke faɗuwa daga hantsi zuwa la'asar. Panon da ke jere a waya ɗaya, in inuwa ta rufe guda, sauran ma ta ja su ƙasa. Ka zo da metir da alli.