Gadar Ribblehead: Jirgi ko Mota, Kuma Me Za Mu Ci?

Tambaya: Ni ɗaliba ce a Leeds, a Ingila. Ni da ƙawayena muna son zuwa gadar jirgin ƙasa ta Ribblehead. Mu bi jirgi ko mu yi hayar mota? Kuma akwai abin da Musulmi zai ci a can?

Amsa: Malama, ku bi jirgi. Daga Leeds ku hau na layin Settle zuwa Carlisle, tafiyar ba ta kai awa ɗaya da rabi ba. Ku yanki tikitin zuwa da dawowa na lokacin da ba cunkoso. Mai katin rangwamen jirgi na 'yan shekara 16 zuwa 25 za a sauke mata kashi ɗaya cikin uku.

Wanda ke cikin jirgi ba ya ganin gadar, yana bi ta kanta ne kawai. Kuma tashar Ribblehead tana zuwa ne kafin gadar. Sai ku sauka nan ku taka da ƙafa ta hanyar tsakuwa zuwa gindinta. Daga ƙasa ne za ku ga girmanta: tsawonta mita 400, tsayinta mita 32, an ɗora ta a kan baka 24 na dutse irin bakan gizon soro. Jiragen fasinja sun fara bi a 1876, bayan aikin ya ci rayukan ma'aikata fiye da 100. In kuna son tsallaka gadar a cikin jirgi, ku yanki tikiti har Dent, tasha ta gaba, amma ku sani tashar tana da nisan wajen mil 4 daga ƙauyen. Kada kowa ta hau kan layin dogo don hoto, akwai tara.

Ku duba jadawalin dawowa tun daga gida, don tsakanin jirgi da jirgi kan kai awa biyu. Wurin fili ne fetal, iska na kaɗawa ko da bazara. Lema ba ta aiki a nan. Rigar ruwa da takalmin da ba ya santsi su ne ya kamata ku ɗauka.

Batun abinci, gidan cin da ke kusa da tashar mashaya ce. Black pudding wani irin sosej ne na jini, yawanci na alade. Ɓawon fai (gasasshen kwaɓin fulawa mai nama a ciki) kan zo da kitsen alade. Soyayyen kifi da dankali ma sai kun tambaya, domin a yankin na Yorkshire wasu da kitsen sa suke suya, wasu kuma suna kwaɓa fulawar kifin da giya. Ku tafi da guzurinku da shayi a fulas.

Motar haya za ta yi amfani ne idan za ku zarce garin Hawes, kimanin mil 11, inda ake yin cukun Wensleydale, fari mai marmashewa. Mutanen yankin da kek mai busasshen inabi suke cinsa. Ku sayi cukun da aka rubuta ya dace da marasa cin nama, kek ɗin kuwa ku karanta takardarsa, don ana yawan jiƙa shi da barasa.