Tambayi Anti: Na samu aiki a Abuja amma ba ni da mota

Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki ba ni shawara. Na samu aiki a wani ofis a Wuse 2, zan fara wata mai kamawa in sha Allah, to amma duk wanda na faɗa wa sai ya ce min wai Abuja ba ta zaunuwa sai da mota, wai albashina kaf a kuɗin mota zai ƙare. Ni a Zariya na tashi, ko ina za ni adaidaita ce ko acaɓa a ƙofar gida. Gwaggona tana Mararaba ta ce in zo in zauna wajenta kyauta, wata ƙawata kuma tana Kubwa ta ce mu haɗa kuɗi mu kama ɗaki. Wanne zan ɗauka? Kuma gaskiya ina tsoron 'yan wan cans ɗin nan da ake faɗa, masu ɗaukar fasinja a mota su yi masa fashi.
Ƙanwarki daga Zariya

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sanya alheri ya sa ki fara a sa'a. Masu faɗa miki haka ba ƙarya suka yi ba, amma kar su sa ki karaya, dan mafi yawan mutanen da kike gani suna cika sakatariyar gwamnatin tarayya da kasuwar Wuse kullum safiya ba su da ko taya ɗaya, kuma suna zuwa aiki suna komawa gida.

Abin da nake so ki gane shi ne garin ne aka gina shi haka. Zariya mutane ne suka fara zama sannan hanya ta biyo su, shi ya sa masallaci da kasuwa da mai kayan miya duk suna kusa da ke. Abuja kuwa a takarda aka zana ta, tun 1976 da gwamnatin Murtala ta yanke shawarar barin Legas har aka tare a Disambar 1991, an shimfiɗa manyan tituna masu layi-layi, ofisoshi a gefe ɗaya gidaje a wani gefen, sai hayar cikin gari ta fi ƙarfin ma'aikaci ya koma Nyanya da Karu da Lugbe da Kubwa, wasu ma har Mararaba da Masaka a jihar Nasarawa ko Suleja a jihar Neja. Sannan acaɓar da kika saba da ita an hana ta shiga tsakiyar gari tun 2006 zamanin El-Rufai yana ministan Abuja, ƙananan bas-bas ma an hana su a 2013, keke Napep kuma sai a cikin unguwanni. To kin ga an rufe ƙofofin talaka ɗaya bayan ɗaya kuma manyan bas ɗin gwamnati da aka ce za su maye gurbi ba su taɓa isar jama'a ba, wannan abu yana min ciwo wallahi, dan mai shara da masinja da malamar makaranta su ne ke riƙe da garin amma su ne ke tsaye a rana a bakin titi.

Yadda mutane ke yi shi ne abin da ake kira alon, wato tasi ko motar gida da mai ita ya fito zai tafi aiki sai ya kwashi mutane a hanya kowa ya biya kuɗin kujerarsa, huɗu a baya wani lokacin biyu a gaba. Sai ki haddace manyan mahaɗu dan a nan ake canza mota, Baja da Eriya Wan da AYA da Banes da kasuwar Wuse da sakatariya, in kika san waɗannan kin san rabin garin. Bolt da Uber da inDrive suna nan amma ki bar su sai ranar da dare ya yi miki ko ana ruwa ko kina da kaya, in kika mai da su na kullum to maganar masu tsorata ki za ta tabbata.

Batun gida kuma, ni dai ga ra'ayina. Ki fara sauka wajen Gwaggo, ba a shiga baƙon gari a kama haya da ido rufe, kuma zama gaban babba yana da rana. Amma tun satin farko ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta abu biyu, nawa kika kashe a mota da kuma ƙarfe nawa kika fita ƙarfe nawa kika dawo, dan gidan kyauta a Mararaba ba kyauta ba ne, hanyar Keffi zuwa Abuja ita ce ke ɗebo mutanen Masaka da Mararaba da Nyanya da Karu gaba ɗaya ta juye su AYA, gosulon safiyar Litinin a wajen sai wanda ya gani, mutane da yawa daga sallar asuba suke fitowa kuma ba sa ganin gida sai bayan isha'i. Titin Kubwa ya fi faɗi ya fi gudu kuma ya fi miƙewa zuwa ɓangaren Wuse, dan haka in kika yi wata biyu kika haɗa lissafin haya da na mota da na lafiyar jikinki, ina kyautata zaton Kubwa za ki zaɓa. In za ku kama ɗakin ku duba wanda za ki iya takawa da ƙafa zuwa babban titi ko da ya ɗan fi tsada, dan acaɓar shiga lungu safe da yamma ita ce ke cinye kuɗi ba a ankara ba. Kuma ranar farko ki tambaya a ofis ko akwai bas ɗin ma'aikata, ko wata abokiyar aiki mai mota da ke unguwarku ku riƙa haɗa mata kuɗin mai, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 masu motar ma neman wanda zai tallafa musu suke, ba roƙo ba ne kar ki ji kunya.

Wan cans gaskiya ne, ba zan ɓoye miki ba, an yi wa mutane fashi an jefo su daga mota wasu har sun rasa ransu. Ki hau mota a tasha ko inda ake lodi mutane suna gani, kar ki tsaya ke kaɗai a tsakanin unguwanni kina tsai da duk motar da ta zo, musamman da duku-duku ko bayan magariba. Motar da gilashinta baƙi ne, ko ba lamba, ko kika ga maza sun cika ta saura kujera ɗaya sannan wani ya fito ya ce ki shiga tsakiya, ki ce kin fasa, ba wanda zai kama ki dan kin fasa. Kafin ki zauna ki taɓa hannun ƙofa ta ciki ki ji yana buɗewa. Kar ki riƙa yawo da katin ATM na asusun da albashinki ke shiga, ki riƙe canji daidai na mota a hannu. Sai kuma tsallaka titi, dan Allah ki hau gadar sama ko da ta yi nisa, motocin babban titin Kubwa da na hanyar filin jirgi ba sa rage gudu dan mutum. Ki sayi lema da takalmi mara tsini, na gayun ki bar shi a ofis.

Anti barka da aiki. Ni ina Dei-Dei ina aiki a Sentiral Eriya, na gaji da bin motar haya, ina tunanin cin bashin banki in sayi 'yar Kwatano. Wasu kuma sun ce in gwada jirgin ƙasa. Me kika gani?
Wani magidanci

Malam, bashi mai ruwa dan mota ban goyi baya ba, bayan biyan bashin ga mai ga bakanike ga takardu, kuma gosulon da ka gudu a cikinsa za ka zauna da sitiyari a hannu. In kana da halin tara kuɗi ko adashe ka saya a hankali wannan daban, mai iyali yana buƙatar mota ko dan asibiti da daddare.

Jirgin ƙasan cikin Abuja kam ka gwada shi dan kai kana cikin masu sa'a. An buɗe shi a Yulin 2018, ya tsaya a 2020 lokacin korona, aka dawo da shi a Mayun 2024. Layi ɗaya ya tashi daga tashar Metro a Sentiral Eriya ya bi ta Idu zuwa filin jirgin sama, ɗayan kuma daga Idu ya bi Gwagwa da Dei-Dei da Kagini zuwa Gbazango a Kubwa, kenan akwai tasha a yankinku kuma ƙarshen layin farkon da ke haɗuwa da naku a Idu kusa da wajen aikinka ne, mutanen Nyanya da Mararaba da suka fi kowa shan wahala ko ƙamshinsa ba sa ji. Matsalarsa ba ya tashi akai-akai, in ya wuce ka sai dogon jira, kuma wasu tashoshin suna nesa da gidajen mutane sai ka hau acaɓa kafin ka kai. Ka je tashar da kanka ka ga jadawalin da suke bi yanzu ka tambayi kuɗin tikiti, sannan ka gwada shi ranar da ba ka da uzurin sammako a ofis kafin ka dogara da shi.