Tambaya da Amsa: Shin sukar da ake yi wa Suite PreCure tana da tushe?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. 'Yata mai shekara tara ta kamu da son wani katun na Japan mai suna Suite PreCure, amma na ji ana kushe shi cewa rigima ta yi masa yawa, kuma kiɗan da aka gina labarin a kansa bai taka kara ya karya ba. Shin gaskiya ne? Daga wata uwa a Tudun Wada, Gombe.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kamfanin Toei Animation ne ya shirya wannan shiri mai kashi 48, wanda aka nuna a Japan daga Fabrairun 2011 zuwa Janairun 2012. Labarin wasu ƙawaye ne tun ƙuruciya, Hibiki da Kanade, waɗanda aka ba su ƙarfin tsafi na rikiɗa zuwa jarumai domin su hana sarki Mephisto mayar da waƙar farin ciki ta zama ta baƙin ciki.

Rigimar da ake magana a kanta tana da dalili, domin ƙarfin 'yan matan ba ya aiki sai zukatansu sun daidaita, kamar yadda kiɗa ba ya daɗi idan makaɗa biyu suka saɓa hannu. Inda marubutan suka yi sake shi ne jan zancen da suka yi a farkon shirin, ana shiryawa yau a sake ɓatawa gobe a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Suka ta biyu ce ta fi ƙarfi a ganina. Sunayen jaruman da makamansu duk na kiɗa ne, Hibiki ma tana kaɗa fiyano, amma idan an zo gwabzawa da dodo, naushi da tartsatsin haske ne ke raba gardama, kiɗan kuwa ya koma ado. Haka nan ana yawan maimaita hoton rikiɗarsu da na makaman, wanda ba ya rasa nasaba da cewa kamfanin Bandai yana sayar da irin waɗannan makamai a matsayin kayan wasan yara. (Iyayen Japan ne suka sha wannan ɗawainiya, ke kuɗin data kawai za ki kashe.)

Sai dai masu kushen sukan tsallake labarin Siren, kyanwar da hassada ta kai ta ɓangaren mugaye, daga baya ta tuba ta shiga cikin jaruman da sunan Cure Beat wajen tsakiyar shirin. Idan za ki zauna ki kalli wani ɓangare tare da yarinyar, wannan nake ba ki shawarar ki zaɓa.